Wa Ya Naɗa Rariya Alƙali?

Ƙarfe biyu da minti bakwai na dare na danna wa ƙanwata maɓallin aikawa. Tun bayan sallar isha'i muke fama, wuta ta ɗauke sau biyu, intanet yana tafiyar hawainiya, sai da Garwa ta yi tsit sannan takardun suka yarda suka hau. Ta yi hamdala, ta ce, “Yaya, Allah ya saka da alheri,” ta miƙe za ta shiga ɗaki. Ba ta kai ƙofa ba wayarta ta yi ƙara. Ƙarfe biyu da minti goma sha ɗaya. Saƙo ne da Faransanci, cike da ladabi: sun gode mata, sun yi nazarin takardunta a tsanake, amma suna baƙin cikin sanar da ita cewa ba ta dace da aikin ba.

A tsanake fa aka ce! Cikin minti huɗu, a tsakar dare. Ni dai ban san ofishin da ke buɗe a wannan lokaci ba, ko a Marwa ko a Yawunde. Babu ɗan Adam ɗin da ya ga sunanta. Rariya aka kafa a bakin ƙofa, ta tankaɗe ta waje, sannan ta rubuto mata ƙarya da yawun mutane. Wannan ƙaryar ce ta fara tunzura ni, kafin in gano akwai abin da ya fi ta muni.

Bari in gaya muku wadda aka ce ba ta dace ba. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, a gidanmu na unguwar Yelwa ta tashi. Ma'aikaciyar lafiya ce mai takardar shaida. Ta yi aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Mayo-Sava daga 2012, har lokacin da hare-haren Boko Haram suka tsananta a bakin iyaka a 2014, aka rufe wurin, ta dawo gida da kayan jikinta. Ta yi aure, ta haihu biyu. Tun daga nan duk zagayen rigakafin shan inna da za a yi, tana cikin matan da ke rataya akwatin sanyi suna bi gida-gida, a biya su kuɗin yini, ba kwantiragi ba takarda. Tana jin Hausa, da Fulatanci, da Kanuri, da Mandaranci, ga Faransancin makaranta. Na taɓa ganin ta a zauren wani dattijo da ya rantse ba za a ɗiga wa jikokinsa komai ba. Ta durƙusa ta gaishe shi da harshensa, ta tambayi lafiyar shanu, ta yi ta jan hira har shi da kansa ya aika a fito da yaran. Aikin da ta nema kuwa, a wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje, shi ne wayar da kan iyaye mata kan lafiyar yara a wajejen Mora. Wato abin da take yi shekara goma.

Kashegari bayan na sauka daga shirin safe, na ƙi tashi daga gaban kwamfutar ofis. Akwai shafuka a intanet da za ka liƙa musu sanarwar aiki a gefe guda, ka liƙa takardar tarihin karatunka da aikinka a ɗaya gefen, wadda 'yan Najeriya ke kira sibi, mu nan mu ce seve, su gaya maka kashi nawa cikin ɗari kuka dace. Na liƙa tata. Kashi 41. Sai shaiɗan ya raya mini in gwada tawa. Ni ɗan rediyo ne, difloma ta aikin jarida gare ni, ban taɓa riƙe sirinji ba, jini ma in na gani jiri nake ji. Na ɗauki kalmomin sanarwar nan na yayyafa su cikin takardata kamar mai barbaɗa yaji a tsire. Kashi 86. Ba na da'awar cewa wannan shafi shi ne ainihin na'urar da waccan ƙungiya take amfani da ita, amma danginsu ɗaya, kuma abin da suke aunawa ɗaya ne. A ma'aunin nan na ninka ƙanwata cancantar kula da lafiyar jarirai.

To, me ake aunawa? Ya kamata kowane mai neman aiki ya san wannan, domin yaranmu da yawa suna zaton wani babban mutum ne ya karanta su ya raina su, su kwana suna zargin kansu. In ka aika takardarka, da farko na'ura ce ke warware ta, ta tsinci suna, da shekaru, da makarantu, da wuraren aiki, ta zuba kowanne a gurbinsa. Abin da ta kasa ganewa ya ɓace, kamar ba ka rubuta ba. Sannan akwai tambayoyin yanke hukunci da aka ɗora mata: shekara nawa ka yi kana aiki, wace takardar shaida gare ka, kana jin Turanci ko a'a. Amsa ɗaya in ta kauce, an gama da kai, kuma irin wannan ne ke haifar da saƙon minti huɗu. Wanda ya tsallake sai a gwama kalmominsa da kalmomin sanarwa, a ba shi maki, a jera mutane daga sama zuwa ƙasa. Jami'in ɗaukar ma'aikata ya zo da safe, ya duba ashirin ko talatin na sama, ya sha shayinsa. Sauran ɗaruruwan suna nan a ƙasa, ba wanda zai taɓa gangarawa wurinsu.

Ku lura da kyau, a duk wannan tafiya babu inda aka gwama mutum da aiki. Takarda aka gwama da takarda. Ƙanwata ta rubuta “causerie”, kalmar da duk ma'aikatan lafiyarmu ke kiran zaman da ake yi da mata a ƙarƙashin bishiya. Sanarwa ta ce “sensibilisation”. Abu ɗaya ne, ko ɗan firamare ya sani, amma makinta ya tafi. Masu sayar da waɗannan na'urori za su ce ai sababbin sun wuce nan, sun san kalmomi masu ma'ana ɗaya. Na yarda sun fi na da wayo. Sai dai a ina suka koyi wayon? Daga tarin rubuce-rubucen da ke intanet, galibinsu da Turanci da Faransanci, na mutanen da rayuwarsu a rubuce take. Aikin matar da ta shawo kan dattijo a zaure ba ya cikin wannan tari. Ba a taɓa rubuta shi ba balle na'ura ta koya.

Ita kanta sanarwar da aka mai da ita ma'auni, wa ya rubuta ta? Shekara da shekaru ina karanta sanarwar neman ma'aikata a rediyo, na san ƙamshinsu. Wani ne a babban ofishi, a Yawunde ko a Turai, ya ɗauko ta bara ya sauya kwanan wata, ita ma ta bara daga wata ƙasa aka kwafo ta. Shi ya sa za ka ji ana neman wanda zai zauna da matan ƙauye, amma an jera masa “ƙarfafa juriyar al'umma”, da “tuntuɓar masu ruwa da tsaki”, da ƙwarewa a manhajoji uku, da Turanci. Harshen da matan ke ji kuwa sai can ƙasa, a layin ƙarshe, wai “zai zama ƙarin tagomashi”. Ƙari! Abin da in babu shi aikin ba zai yiwu ba shi ne ƙari, abin da ba za a taɓa buƙata a Mora ba shi ne sharaɗi. Sanarwar ba ta kwatanta aikin ba, ta kwatanta rahoton da za a aika wa masu ba da kuɗi. Wanda ya fi dacewa da ita shi ne wanda ya fi iya yaren rahoto. Daga baya a kawo shi daga Duwala, ya sauka a mota mai sanyi, a ɗaukar masa tafinta na kuɗin yini. Kun san wa ake ɗauka tafintan? Irin su ƙanwata.

Kada a ce ina ƙyamar 'yan kudu. Ɗan Duwalan nan shi ma neman abinci ya fito, kuma akwai da yawa cikinsu da suka zauna da mu suka koyi Fulatanci har suka fi wasunmu. Da ma'aunin nake faɗa.

Ga kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, mutanen wannan yanki, wanda masu ƙera rariyar ba su taɓa mafarkinsa ba. Takardunmu ba irin nasu ba ne. Mutum nawa kuka sani da takardar haihuwarsa ta ce “né vers”, wato an haife shi wajejen shekara kaza, saboda ba a kai maganar haihuwarsa ofis ba sai da ya isa jarrabawar firamare aka je kotu aka yi masa takarda? Gurbin kwamfuta rana yake so da wata da shekara. Sai mai shagon intanet ya cusa masa 1 ga Janairu, takardar shaida ta ce wani abu, fom ya ce wani abu. Sunayenmu ma haka. Mutum ɗaya ne Mohamadou a takardar haihuwa, Mouhamadou a ta sakandare, Muhammad a diflomar da ya yi a Yola. Da yawa cikinmu ba mu da abin da Bature ke kira sunan iyali, sunan uba ne muke jonawa, wani lokaci a gaba wani lokaci a baya. Magatakardan da ya tashi a Fulɓere in ya ga haka murmushi zai yi ya wuce. Na'ura kuwa mutum uku ta gani, ko kuma maƙaryaci ɗaya.

Sai makarantu. Ƙasar nan kanta tsarin ilimi biyu gare ta, na Faransanci mai BEPC da Probatoire da Baccalauréat, da na Turanci mai GCE. Mu a arewa mun ƙara da namu: wanda ya yi karatu a Maiduguri ko Kano ya dawo da HND, wanda ya yi a Jami'ar Sarki Faisal ta Njamena, wanda ya yi a Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, wanda ya dawo daga Sudan da digiri da Larabci. Ka buɗe jerin da fom ya ba ka ka zaɓa, babu ko ɗaya. Jami'ar Garwa ma, da aka kafa a 2022, sai ka yi sa'a ka same ta a wasu jerin. Ka zaɓi “wani daban”, wanda a wurin na'ura kusan daidai yake da ba ka yi ba. Wajen harsuna kuwa an ba ka Jamusanci da Sifaniyanci da Sinanci, babu Fulatancin da ake ciniki da shi daga Gaundare har Kuseri, babu Hausar da miliyoyin mutane ke yi daga nan har Agadas.

Akwai wata ɓarna ƙarama da ta fi ba ni takaici saboda sauƙinta. Yaro ya je shagon intanet an buga masa takardarsa, ya sa hannu da biro don a ga ladabinsa, aka ɗauki hotonta aka aika. A idon mutum takarda ce mai kyau. A wurin na'urori da yawa hoto ne kawai, fanko, ba harafi ko ɗaya. Ya biya kuɗin bugu, ya biya kuɗin hoto, ya biya kuɗin intanet, wataƙila ya biya tambur na shaidar kwafi, ya aika farar takarda bai sani ba. Kuma ba wanda zai gaya masa.

Giɓi kuma fa? An koya wa na'ura cewa wanda ya yi watanni ba ya aiki abin tuhuma ne. A takardar ƙanwata akwai rami daga 2014. Ramin nan sunansa gudun tsira da rai, da goyo biyu, da aikin yini da ba a ba da takarda. A yankin da aka buɗe sansanin Minawao tun 2013, aka rufe makarantu da asibitoci a bakin iyaka, wa ke da takarda marar rami in ba wanda bai zauna a nan ba? Ƙungiyoyin da suka zo saboda wannan bala'i su ne kuma rariyarsu ke hukunta mutum don bala'in ya taɓa shi.

Na san abin da za a ce mini, domin wani abokina da ke aikin ɗaukar ma'aikata ya riga ya faɗa mini, har da ɗaga murya. Ya ce, “Malam, kai ba ka san abin da muke gani ba. Gurbi ɗaya, takarda dubu. Wa zai karanta?” Gaskiyarsa. Ba mu manta ba, ranar 10 ga Fabrairun 2011 Shugaba Paul Biya ya yi shelar ɗaukar matasa 25,000 aikin gwamnati, takardun da suka shigo suka haura 300,000. Mun ga layi a ofisoshin gwamna, mun ga ambulan a buhu. Babu idon da zai bi wannan ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙara da cewa, “Kuma mutanen da kake yabo, ba su ne masu ɗaukar ɗan wane ba? Na'ura aƙalla ba ta da ƙane, ba ta karɓar goro.” Nan ma ban musa ba. Ɗan Adam ya iya zalunci tun kafin a ƙera kwamfuta. A Faransa wasu masu bincike sun aika takardun neman aiki masu cancanta iri ɗaya, ɗaya da sunan Marie Diouf, ɗaya da sunan Khadija Diouf, sakamakon da suka wallafa a 2010 ya nuna an kira Marie fiye da ninki biyu na Khadija. Mutane ne suka yi wannan, da idonsu da hannunsu.

Amma abokina ya manta abu biyu. Na farko, na'urar a hannun waɗannan mutanen ta yi karatu. Kamfanin Amazon, wanda ba a fi shi kuɗi ko gwanayen kwamfuta ba, ya fara gina irin wannan na'ura a 2014, ya ciyar da ita takardun da ya karɓa cikin shekara goma. Da yake galibin masu takardun maza ne, sai ta koyi rage makin duk takardar da kalmar “mata” ta fito a ciki, har da waɗanda suka gama wasu kwalejojin mata zalla. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ne ya fallasa maganar a Oktoban 2018, lokacin an riga an watsar da aikin. Ba wanda ya umarce ta ta ƙi mata. Ɗabi'ar gidan ta ɗauka, kamar yaron da ya tashi yana jin abin da manya ke faɗa. To in an ciyar da irinta takardun waɗanda aka saba ɗauka a manyan ofisoshin ƙasar nan, kuna zaton za ta koyi son sunan Gidar ko Mokolo? Kuma a 2021 Makarantar Kasuwanci ta Harvard ta fitar da wani bincike da ta yi a Amurka da Ingila da Jamus, inda kashi 88 na masu ɗaukar ma'aikatan da aka tambaya suka amsa da bakinsu cewa tsarin yana zubar da ƙwararrun da suka cancanta don kawai ba su dace da lafazin sanarwa ba. A ƙasashen da aka ɗinka rigar don jikinsu ke nan. Ina ga mu da aka aro mana ita?

Na biyu, kuma shi ne ya fi ci mini rai: goron bai mutu ba. Ɗan wane ba ya bi ta rariya. Waya ake bugawa, a ce ga takardar yaron nan, a duba. A ciro ta daga ƙasan jeri a ɗora a kan tebur, ko ma a rubuta sanarwar daidai da takardarsa tun farko, ya ci kashi ɗari cikin ɗari da halalinsa. Rariyar ta 'ya'yan talakawa ce. Abin da ta ƙara kawai shi ne ta ba mai son kai wurin ɓuya. Da can in an zalunce ka, ka san ƙofar da za ka tsaya. Yanzu sai a ɗaga kafaɗa a ce, “Ba mu ba ne, na'ura ce.”

Mu 'yan arewacin Kamaru mun san darajar sanin ƙofa. Tun zamanin Ahmadu Ahijo ake da tsarin daidaita yankuna a jarrabawar shiga manyan makarantun aikin gwamnati irin su ENAM, har aka yanka wa kowane yanki rabonsa: Arewa Mai Nisa kashi 18, Arewa kashi 7, Adamawa kashi 5. Tsarin yana da masu suka, kuma wasu sukan nasu gaskiya ne. Ni kaina na ga yadda 'ya'yan manya ke cinye rabon da aka yanka da sunan talakawa. Amma lissafi ne a fili, kowa na iya riƙe shi ya yi gardama. A ƙarshen 2008, da sakamakon shiga sabuwar makarantar horon malamai ta Marwa ya fito, 'yan majalisar arewa suka ga bai yi musu ba, suka tada ƙayar baya har gwamnati ta sake duba jerin. Ko kana ganin sun yi daidai ko sun wuce gona da iri, akwai jeri da aka liƙa, akwai minista da ya sa hannu, akwai wanda za a tuhuma. Yau wa zai yi zanga-zanga a kan kashi 41? Ba a ma gaya maka makinka ba. Ba ka san sharaɗin da ya kayar da kai ba, ba ka san mutum nawa daga yankinku suka nema ba, nawa suka tsallake. Kowa shi kaɗai yake karɓar saƙonsa cikin dare, ya ɗauka shi ne bai isa ba.

Abin da wannan ya haifar a gari kuwa, ku zaga shagunan intanet na Rumde Aja da bakin babbar kasuwa ku gani. An buɗe sabuwar sana'a, gyaran seve don ya wuce na'ura, sefa dubu biyu ko uku. Wasu har kwafe sanarwar suke yi ɗungurungum su liƙa a ƙasan takarda da farin rubutu, ido ba ya gani, na'ura tana gani. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 abin ya ƙara sauƙi: ka ba shi sanarwa, ya ƙera maka mutumin da ake nema, ka sa sunanka. Na'ura ta rubuta, na'ura ta karanta, na'ura ta ba da amsa, mu kuma muna tsakiya muna biyan kuɗin intanet. Ba na zagin yaran nan, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma a duba abin da muke koya musu a ƙofar shiga aiki: wanda ya faɗi abin da ya yi da kalmominsa ya faɗi, wanda ya ari bakin sanarwa ya wuce. Sannan gobe a ba shi amanar maganin yara ko kuɗin manoman auduga, a yi mamaki in rahotonsa ya fi aikinsa kyau.

Ni ma ina da kashi a gindina. Na taɓa gayyato wani gwani cikin shirina, muka yi awa guda muna koya wa matasa dabarun zuba kalmomi, ina ta cewa madalla. Ban tambaye shi ko sau ɗaya ba ko daidai ne a auna mutum haka. Na ɗauka ci gaba ne, tunda daga waje ya zo.

Can wajen da ya fito kuwa sun fara ɗaure shi. Birnin New York ya soma aiki da wata doka a Yulin 2023 da ta wajabta a binciki irin waɗannan na'urori ko suna nuna bambanci, a kuma sanar da mai neman aiki cewa na'ura za ta auna shi. Tarayyar Turai, a dokarta ta ƙirƙirarriyar basira da ta fara aiki a Agustan 2024, ta sa na'urorin ɗaukar ma'aikata cikin rukunin masu babban haɗari. Ƙungiyoyin da ke aiki a Marwa da Kuseri da yawansu daga can hedikwatarsu take. Abin da doka ta hana su yi wa 'ya'yansu a ɓoye, don me za su yi wa namu? Dokar ƙwadagonmu ta 1992 ce, an rubuta ta lokacin da ake kai takarda da hannu. A Disamban 2024 an yi dokar kare bayanan mutane. 'Yan majalisarmu da suka iya tada murya a 2008, ga wurin da ake buƙatar muryar yanzu.

Ban ce a fasa kwamfuta a koma buhu ba. A bar ta ta jera takardu, ta cire wanda ya aiko sau biyar, ta tuna wa jami'i ranar rufewa. Hukunci ne ban yarda a bar mata ba. Duk wanda zai auna mu da na'ura ya faɗa a cikin sanarwa, ya faɗi sharuɗɗan da ke kayar da mutum nan take, don kada yaro ya ɓata kuɗinsa. In aikin na zama da jama'a ne, harshen jama'ar ya hau layin farko, kuma a gwada shi da baki: minti biyar a waya da Fulatanci ko Mandaranci sun isa su raba mai yi da mai faɗa, ba kuwa ChatGPT ɗin da zai amsa maka. A bar ƙofar kai takarda da hannu a buɗe. Ofishin FNE, asusun samar da aikin yi da aka kafa tun 1990, yana nan Garwa, me zai hana a ajiye a can? Bayan an gama, a liƙa lissafi: mutum nawa suka nema daga yankin da za a yi aikin, nawa mutum ya karanta da idonsa, nawa aka ɗauka. Wanda ya ce wannan ya yi masa yawa, to aƙalla ya daina rubuta mana “a tsanake”. Ni a nawa ɓangaren na gaya wa shugaban tasharmu, duk sanarwar da za ta bi ta bakina daga yanzu sai na tambayi masu ita ko mutum ne zai karanta takardun, kuma amsar da suka ba ni, ko shirun da suka yi, zan faɗa wa masu sauraro.

Wani gurbin ya sake fitowa a wata ƙungiyar. Na zauna na gyara wa ƙanwata takardarta da duk dabarun da na koya, na cusa juriya, na cusa masu ruwa da tsaki, ma'auni ya ba mu 88. Na miƙa mata ina jiran yabo. Ta karanta a hankali, ta kai ƙarshe ta sake komawa sama, sannan ta ce, “Yaya, wannan wace ce?” Ta karɓi biro ta soke layi huɗu, ta ce waɗannan ba ta taɓa yin su ba, in aka tambaye ta a gaban mutane me za ta ce? Na ce ai kowa haka yake yi. Ta ce ta ji. Muka sake aunawa, 63. Haka muka aika.

Yau kwana goma sha tara ke nan ba saƙo. Jiya da asuba na ji tana wanke akwatin sanyinta a tsakar gida, an ce za a fita zagaye ranar Juma'a, ɓangaren Pitowa aka ba su.